Katin Mutum Biyar a Gidan Mutum Shida

Duk wanda ya taɓa bin sawun takardarsa a ma'aikatar da Zuwaira Audi ke aiki ya san ta, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan ta ofishin rajista, mai tabarau a kan karan hanci, wadda ba ta sauri kuma ba ta ɗaga murya. In ka shigo da gaggawa, sai ta nuna maka benci. In ka shigo da faɗa, sai ta bari ka gama tsaf, sannan ta nuna maka bencin. Ta daɗe a kujerar nan, shugabanni sun zo sun tafi tana nan, kuma ba a taɓa jin ta yi cacar baki da kowa ba.

A Unguwar Kanawa aka haife ta. Mahaifinta, Malam Audi, direban motar ma'aikata ne har ya yi ritaya. Mahaifiyarta, Magajiya, ita ke yi wa rabin unguwar alkaki da dubulan in biki ya tashi. A wurinta Zuwaira ta koyi girki, a wurinta kuma ta koyi kara. Gidan Magajiya gida ne da ɗan baƙo ke cin tsoka, ɗan gida ya samu romo, in ya yi ƙorafi a harare shi. Ba a yabon ɗan da aka haifa a gaban mutane, ba a tare masa faɗa, ɗan fari kuwa ko sunansa ba a kamawa. Zuwaira ce 'yar farin gidan, saboda haka ba labari aka ba ta ba.

Ta yi karatun sakatariya, ta samu aiki, ta auri Malam Sanda, ma'aikacin safiyo, mutum mai fara'a da son abin da ake yayi. Suka kama haya a Abakpa. Da ta yaye 'yarta ta fari, Nafisat, Magajiya ta zo ta goya jikarta ta tafi da ita kamar yadda aka saba, yarinyar ba ta dawo gidan iyayenta ba sai da ta yi nisa a firamare. A can ta tashi tana jin ƙannen Zuwaira na ce wa uwarta Anti, ita ma sai ta kama, ba kuma wanda ya ga dalilin gyara mata. Zuwaira kuwa "ke" take ce mata, in tana cikin nishaɗi ta ce "'yar Magajiya". Ko a ofis ma Maman Sharhabil ake kiran ta, da sunan ɗanta na biyu.

Bayan Sharhabil sai auta Ummulkhairi. Ta huɗun yaran gidan ita ce Ilham, 'yar ƙanin Malam Sanda. Ubanta ya rasu tana ƙarama, uwarta ta sake aure a Funtuwa, aka kawo ta Abakpa da 'yan kayanta a jakar bakko. Ranar Zuwaira ta yi wa kanta alkawari, ba wanda zai shigo gidan nan ya iya nuna wadda ba ita ta haifa ba. Ta kuwa cika. Ilham kuwa Mama take ce mata. In an sayo atamfar sallah ita ke fara zaɓa, in ta yi faɗa da sauran yara su ne marasa gaskiya tun kafin a ji ba'asi. Dangin Malam Sanda har misali suke yi da Zuwaira, ita kuma, a faɗi gaskiya, tana jin daɗin hakan ƙwarai.

Akwai wani wurin wasan yara da ake kira Lambun Annashuwa, can wajen hanyar Kawo, mai lilo da ƙaramin jirgin ƙasa da motocin nan da yara ke karo da juna suna ihu. Da can in iyali za su je, da kularsu suke tafiya. Zuwaira kan yi dambun shinkafa da zogale, ta soya kaza, ta haɗa zoɓo mai citta, su shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro su ci har su miƙa wa na kusa da su. Sai wurin ya canja hannu. Sababbin masu shi suka gina ɗakin cin abinci mai gilasai, suka ajiye mai gadi a ƙofa yana buɗe jakunkunan mata kamar ana neman makami, alhali dambu yake nema. Ranar da aka sa Zuwaira ta mayar da kularta mota, ta ce ita da wurin nan har abada. Yara dai ba su yi wannan rantsuwar tare da ita ba.

Ana gab da dogon hutu Malam Sanda ya dawo daga aiki da labari. Wurin ya fito da kati: ka biya sau ɗaya, iyalinka su ci abinci duk ranar da suka je har hutu ya ƙare.

"Kin ga shi ke nan," ya ce. "Kin huta da tsayuwa a kan murhu, yara sun huta da zaman gida."

"Ni na ce maka na gaji?"

"Ba ki ce ba. Amma kowa a ofis ya yanka."

Wannan ita ce hujjar Malam Sanda a kan yawancin abubuwan da yake saye. Ya ba ta kuɗin, da yake ofishinta ya fi kusa da wurin, ita ta je.

Yarinyar da ke kan teburin yankan kati ta yi mata bayani. Katin iyali na mutum biyar ne, manya biyu, yara uku. Kowa za a ba shi awarwaron roba mai ɗauke da sunansa, shi zai nuna a zuba masa abinci. In yara sun wuce uku, akwai ƙarin kuɗi a kan kowane ɗaya.

Ko waye ya tsara katin nan, bai taɓa zama a gidan Bahaushe ba, da ya san ba a yanka iyali daidai wa daida kamar sabulu. Zuwaira ta tambayi ƙarin, aka faɗa mata, ta taɓe baki. Ba wai ba za ta iya ba ne. Asara ta gani, a zuba waɗannan kuɗi a kan shinkafar da ta tabbata ba ta kama ƙafar tata ba. Ita ba mai ci da yawa ba ce, farantinta zai ishi mutum biyu. Saura wa za a cire. Ilham ba ta cikin maganar ma, wa zai cire marainiya ya bar nasa? Ƙananan biyu kuwa kuka za su yi mata har a tara mutane. Ta ba da sunaye uku ba tare da ta yi wani dogon tunani ba, ta fito tana ganin ta yi abin da ya dace. Da za ka tambayi matan layinsu, ba wadda za ta ce maka ba haka ake yi ba.

Da yamma aka zazzage awarwaron a kan tabarmar falo, yara suka yi caa a kai, kowa yana neman mai sunansa. Nafisat, wadda a lokacin take shekara goma sha uku, ta tsaya daga bakin ƙofa har aka gama.

"Anti, nawa fa?"

"Ni da ke faranti ɗaya za mu ci. Ke ba babba ba ce?"

"To," in ji yarinyar.

Malam Sanda ya buɗe baki zai yi magana, Zuwaira ta dube shi ta saman tabarau, ya mayar da hankalinsa kan labaran talabijin.

Abincin dai ba yabo ba fallasa. Dafa-duka ko taliya ko soyayyen dankali, da yankan kazar da sai ka tona kafin ka gan shi, yara kuma a ƙara musu da askirim a ƙaramin kofi. Katin bai haɗa da kuɗin shiga ba, bai haɗa da na lilo ba, wannan kuwa sai a bakin ƙofa Malam Sanda ya gano, ya biya yana dariyar yaƙe. Ga damina. Ruwa ya cinye wata Asabar, bikin 'yar maƙwabta ya cinye wata, gaisuwar rasuwa a Zariya ta tafi da wata. Waɗanda suka rage kuma dole a je, ana so ko ba a so, ana da wanki ko babu, don kada kuɗi su tafi a banza.

Ruth Emmanuel, wadda teburinta ke kusa da na Zuwaira a ofis, tana tunanin yankar wa nata yaran in hutun Kirsimeti ya zo.

"Maman Sharhabil, gaya mini tsakani da Allah, katin nan akwai riba?"

"In gidanku kusa ne, kuma ba ku da dangi masu biki, akwai. In ba haka ba, ke za ki koma yi wa katin bauta."

"Ya ɗauke yaran duka?"

"Uku ya ɗauka. Babbar tare muke ci."

Ruth ta ɗago kai daga takardun da take jerawa. "Ita ba ta damu ba?"

"Damuwar me? Ai naman ma duk ita nake bar wa."

Ba ƙarya ta yi ba. In sun shiga ɗakin cin abincin, su biyar masu awarwaro sukan bi layi, a bar Nafisat a tebur tana tsare jakunkuna da lema da rigar sanyin Ummulkhairi. Zuwaira ta kawo farantinta, ta yi cokali biyu ko uku, ta tura wa yarinyar sauran, ta koma gida cikinta na kuka. A ganinta wannan ya isa shaida. Wace uwa ce za ta yini da yunwa saboda 'yar da ba ta so? Farantin manya ba ya zuwa da askirim. Ilham, da yake yarinya ce mai kirki, kullum sai ta miƙa wa Nafisat nata ta ce ta ɗanɗana, ita kuma ta ce haƙorinta ba ya son sanyi.

Wata Asabar, hutu ya raba tsakiya har ya gangara, ruwa ya kece ana tsakar wasa. Kowa ya ruga ɗakin cin abinci, wuri ya cika maƙil, layi har bakin ƙofa. Zuwaira ta ga ba za ta iya da farantan ƙananan ita kaɗai ba a cikin wannan turereniya, ta yafito Nafisat ta zo ta taya ta. Mai zuba abincin wata dattijuwa ce mai fara'a, Harira, wadda ta riga ta saba da fuskokinsu. Tana zubawa tana kallon yarinyar.

"Hajiya, Allah ya saka miki da alheri," ta ce. "Wasu fa ba sa fitowa da 'yan aikinsu, a gida suke kulle su. Ke kuwa har abincinki kike ba ta, ina lura da ku." Ta ɗebo wani yankan kaza ta ƙara a farantin. "Ungo, 'yan mata. Ki riƙe amana, kin dace da uwar ɗaki."

Matar ba da mugunta ta faɗa ba. Abin da idonta ya nuna mata ta faɗa: yarinya ba awarwaro, ita ke tsaron kaya, sauran na cewa Mama ita tana cewa Anti. Ko wane ne a wurin, haka zai zata.

Amsa ta zo wa Zuwaira har bakinta. Amma ga mutane a bayanta, ga maza, ga mijinta a gefe yana fama da Sharhabil. Ta buɗe baki a bainar jama'a ta ce wannan ita ta haife ta, 'yar fari ma? Tun da take ba ta taɓa furta irin wannan ba, harshenta ya ƙi juyawa. Ta yi 'yar dariya ta ce, "Ai 'yar gida ce," ta ɗauki faranti ta yi gaba.

Nafisat ta kai abincin tebur, ta gyara wa Ummulkhairi zama, ta yayyanka mata nama. Da aka tura mata farantin, ta ce cikinta ke ciwo. Zuwaira kuwa ta bar abin a kan ciwon cikin, don ya fi sauƙin ɗauka.

Ranar Juma'a yarinyar ta nemi izinin zuwa wurin kakarta ta yi ƙarshen mako. Lahadi ta wuce ba ta dawo ba, Litinin ma haka. Ran Talata Zuwaira ta tashi daga ofis ta hau Keke Napep ta sauka Unguwar Kanawa. Ta tarar da Magajiya a tsakar gida tana murza alkakin wani biki, ta aiki Nafisat kai niƙa. Bayan sun gaisa tsohuwar ta fara magana ba tare da ta ɗago ba.

"Ta gaya mini abin da ya faru. Na ce mata ta bar shirme. Yaran yanzu komai sai an faɗa musu da baki, kamar ba su da ido. Ni ban yi miki ba? Ranar rabon kyauta a makarantarku, da kika zo ta ɗaya, malamarku ta tare ni ta ce ko ni ce mahaifiyarki, na ce mata maƙwabciya ce. Ga ki nan, da aikinki da mijinki. Me ya same ki?"

Zuwaira ta tuna ranar sarai. Ta tuna mayafin da Magajiya ta yafa, ta tuna littafin da aka ba ta a nannaɗe da takarda mai ƙyalli, ta tuna yadda ta zagaya bayan aji ta yi kuka mai isarta, sannan ta wanke fuska a famfo ta dawo kamar ba abin da ya faru. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, har ta ɗauka ta manta. Ashe abin yana nan inda ta bar shi, kuma da zafinsa.

"Babu komai, Inna," ta ce.

Da Nafisat ta dawo daga niƙa, Zuwaira ta ce ta ɗauko kayanta. Suka fito suna tafiya zuwa bakin titi, suna kauce wa ruwan da ya kwanta a layin, uwar a gaba, 'yar a baya da jaka. Sun kusa titi yarinyar ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Anti, da matar nan ta ce ni 'yar aiki ce, jira na yi ki yi magana."

"Ai kin san ba haka ba ne."

"Na sani. So na yi in ji."

Zuwaira ba ta juyo ba, don ba ta son a ga fuskarta. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta saba ji ba, ta wanda ya san ya yi laifi. Ta tsayar da Keke suka shiga sai Abakpa.

Washegari da aka tashi cin abincin rana ta bar Ruth da tsaron ofis, ta tafi Lambun Annashuwa. Yarinyar teburin ta duba ta ce ƙarin yana nan yadda yake, ba ragi, ko da hutu ya zo ƙarshe.

"Hajiya, ni da za ki ji shawarata, ki bari kawai. Hutun ya kusa ƙarewa. Ki riƙa saya mata faranti in kun zo, ya fi miki sauƙi nesa ba kusa ba."

"Na ji. Yi mini awarwaron."

Malam Sanda da ya ga abin a kan tebur da yamma, ya juya shi ya karanta sunan, ya dubi matarsa. Wannan karon shi ya ga asarar, amma ya yi hankali ya mayar da awarwaron inda ya ɗauke shi.

Sauran kwanakin makon Zuwaira ta yi su tana bitar abin da za ta gaya wa Harira. Tana wanke-wanke tana maimaitawa, tana jera fayil tana maimaitawa. Magana ce da ba ta kai layi biyu ba, amma matar da ta iya zaunar da manyan mutane a benci ta kasa samun yadda za ta faɗe ta ba tare da gabanta ya faɗi ba.

Ran Asabar su shida suka bi layi, aka bar jakunkuna suka tsare kansu. Zuwaira ta sa Nafisat a gabanta. Suna matsawa tana leƙen wurin zuba abinci, har suka iso gaba. Harira ba ta nan. Wata sabuwar budurwa ce a wurin, da hular leda a kai da ludayi a hannu, ba ta taɓa ganin su ba, ba ta san abin da aka yi ba. Ga hanyar tsira ta samu a sauƙaƙe, ba wanda zai ce Zuwaira ba ta yi niyya ba. Ta dubi ƙeyar 'yarta, ta ga yadda ta miƙe wuya tana jira.

Ta dafa kafaɗar yarinyar. Muryar da ta fito ta fi ƙarfin yadda ta shirya, har na bayan layi suka juyo.

"Wannan 'yata ce. Ni na haife ta. Ita ce ta fari."

Budurwar ta dube ta, ta dubi yarinyar, ta rasa dalilin wannan sanarwa. "To, Hajiya, Allah ya raya. Shinkafa ko taliya?"

Sharhabil ya ƙyalƙyale da dariya. Malam Sanda ya ɗaga kai yana nazarin fankar sama. Zuwaira ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige, amma ba ta ɗauke hannunta ba. Nafisat kuwa ta sunkuyar da kai, kafaɗarta na rawa a ƙarƙashin hannun uwarta, ta kasa amsawa. Na baya suka fara gunaguni.

"Hajiya, wanne zan zuba mata?" budurwar ta sake tambaya.

Zuwaira ta buɗe baki za ta amsa mata, sai ta ga ba ta san amsar ba. Ta san Ilham ba ta cin albasa, ta san Sharhabil sai da yaji, ta san Ummulkhairi ƙashi take so ta tsotsa. Wannan kuwa duk abin da aka tura mata shi take ci. Abin ya soke ta fiye da maganar Harira. Ta sunkuya daidai kunnen yarinyar.

"Wanne kike so?"

Nafisat ta share ido da bayan hannu. "Taliya," ta ce. "Tun da can taliya nake so."

"Zuba mata taliya," in ji Zuwaira, ta tsaya a wurin har aka cika farantin.